Ba Kowane Jinkiri Ne Laifin Natuwok Ba

Babu kalmar da ake ɗora wa laifi a 'yan shekarun nan kamar "natuwok". Daga nan Garu zuwa cikin garin Illela, duk wanda ya tsaya gaban mai POS, ko tagar banki, ko teburin ma'aikacin da ke shigar da bayanai a kwamfuta, ya san amsar da ake sallamar jama'a da ita: "Natuwok ba kyau, a ɗan jira." Ranar Lahadi, sa'ad da kasuwar Illela ke cika da fatake daga Sakkwato da Birnin Konni da Tawa, wannan jira kan zama asara. Mutum ya sayar da sa, kuɗi sun fita daga asusun mai saye, ba su shiga nasa ba, ga mota tana shirin tashi. Mun ga mafi munin haka a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, da kowa ya koma tura kuɗi ta waya a lokaci guda.

Ra'ayina shi ne, sau da yawa layin sadarwa lafiyarsa lau. Cikas ɗin yana can cikin saba, wato babbar kwamfutar da ke amsa buƙatun ƙananan na'urori, kuma a cikin sabar ma yana wurin faifan ajiya, inda ake rubuta bayanai ana karanta su.

Mutanen iyaka sun fi kowa saurin gane wannan. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sai ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe guda huɗu, har da ta Illela. An sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris 2024. A duk lokutan nan hanyar Sakkwato tana nan, motoci suna da mai, amma tireloli suka yi jerin gwano saboda ƙofa. Natuwok shi ne hanya, faifai shi ne ƙofa. Komai faɗin titi, in ƙofa ta ƙuntata, layi ba makawa.

Ga lissafin. Faifai irin na da, mai juyawa sau 7,200 a minti, sai ya kai allurarsa inda bayani yake, ya jira wurin ya zagayo. Hakan kan ci kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, don haka in buƙatun a warwatse suke, abin da zai iya biya bai wuce kimanin 100 a daƙiƙa ba. A ce buƙatu 120 ke shigowa kowace daƙiƙa. Ashirin za su riƙa taruwa, cikin minti ɗaya 1,200 na jira, na'urar mai POS ta gaji ta yanke. Faifan SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, yana biyan dubun-dubatar buƙatu a daƙiƙa.

Kada a ɗauka batun na manyan sabobin bankuna ne kawai da ke Legas da Abuja. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta baki ɗaya, kuma kowace cibiya da sabarta take aiki. Asibitoci da makarantu da ƙananan bankuna suna ta komawa ajiyar bayanai a kwamfuta. Hukumar Kwastam ta fara aiki da sabon tsarinta na B'Odogwu a 2024. Kowace shekara ƙarin al'amuran talaka na ratsawa ta kan wani faifai da bai taɓa gani ba.

Matakin farko shi ne awo, domin gani ya kori ji. A sabar da ke aiki da Linux akwai manhaja kyauta mai suna iostat, a Windows kuma akwai Resource Monitor. Abu uku ya kamata mai kula da saba ya riƙa dubawa: tsawon lokacin da kowace buƙata ke ɗauka kafin a biya ta, yawan buƙatun da ke layi, da kason lokacin da faifai ke cikin aiki. Awon rana ɗaya ba ya wadatarwa. A rubuta na Talata, a rubuta na Lahadi, a rubuta na ƙarshen wata lokacin albashi. Wanda bai san yadda sabarsa take a ranar lafiya ba, ba zai gane ranar da ta fara ciwo ba.

A kuma riƙa karanta rahoton lafiya da faifai ke bayarwa da kansa, wanda ake kira SMART. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da nazari kan faifai fiye da 100,000. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko a binciken fuskarsa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39. Amma sun kuma gano cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ba. Darasin biyu ne: a saurari gargaɗi, kuma kada a taɓa zama ba kwafin bayanai a wani wuri dabam.

Bayan awo sai gyara, kuma a fara da mai araha. A mayar da aikin kwafe bayanai zuwa tsakar dare, kada ya yi gogayya da jama'a da rana tsaka. A yi wa rumbun bayanai fihirisa, domin kada a bincike dukan littafi saboda suna ɗaya. A ƙara ƙwaƙwalwar wucin gadi, don abin da ake yawan nema ya kasance a kusa. Sai an yi waɗannan sannan a sayi SSD, a ɗora masa aikin da ya fi nauyi.

Yanayinmu ma da nasa. A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40, kuma SSD na rage gudunsa da kansa in ya ɗau zafi. Ƙurar hunturu na toshe fanka. Ga ɗaukewar wuta: a sabobi da yawa akwai ɗan batir a na'urar da ke sarrafa faifai, in ya mutu sai ta daina tara rubutu a ƙwaƙwalwarta don gudun asara, aiki ya koma tafiyar hawainiya. Batir ƙarami ya tsayar da ofis guda, kowa na zagin kamfanin waya.

Saboda haka ina kira ga shugabannin hukumomi da masu cibiyoyi, idan za su ba da kwangilar saba, su daina tambayar girman faifai kaɗai. Su sa a rubuta a yarjejeniya buƙatu nawa zai biya a daƙiƙa, da tsawon jiran da ba za a wuce ba, su kuma nemi rahoton awo kowane wata. Ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su sani cewa wannan ilimi ne da tsohuwar kwamfuta ɗaya ta isa a koye shi, kuma masu shi ba su da yawa. Mu kuma da ke tsayawa a layi, haƙƙinmu ne mu tambaya: an auna an ga natuwok ne, ko dai an faɗa ne kawai?