Auna Cancantar Direba Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Misali Daga Challawa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba yadda za a gane ko direban da ya yi jinyar shanyewar ɓarin jiki ya isa ya koma tuƙi. Mun ɗauki unguwar masana'antu ta Challawa domin misali, saboda a nan manyan motoci ke jigilar fatu da sinadarai, suna cuɗanya da ma'aikata da 'yan adaidaita sahu. Mota ita ce gonar direba. Hana shi tuƙi hana iyalinsa abinci ne, ƙyale shi kuwa ba tare da bincike ba kasada ce da rayukan jama'a.

2.0 Illar Ciwon

Ciwon yana aukuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi sakamakon hawan jini. Jama'a kan ɗauka mutum ya warke da zarar ya miƙe ya taka, alhali akwai illar da take ɓoye. Wani yakan rasa rabin faɗin ganinsa. Wanda ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsa ya taɓu kuwa yakan daina lura da abin da ke hagunsa, bai ma san ya daina ba. Tun 1972 da Nijeriya ta koma bin hannun dama, motar da ke tahowa ta hagun direba take wucewa.

3.0 Matakan Aunawa

(a) Jinkiri. A Ingila, mai ƙaramar mota yakan dakata wata 1, direban bas ko babbar mota kuwa shekara 1.

(b) Binciken likita: hawan jini, farfaɗiya, faɗin gani, da ƙarfin ƙafa a kan birki.

(c) Gwajin lura. Wanda Nouri da Lincoln suka tsara a Nottingham a farkon shekarun 1990 yana auna natsuwa da gane alamun hanya. Wajibi ne a sa alamunmu na gida a cikinsa.

(d) Gwaji a kan titi, da irin motar da mutum zai riƙa ja, a gaban jami'in duba motoci.

4.0 Kammalawa

Muna ba da shawara Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta haɗa kai da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da masu masana'antu su tsayar da ƙa'ida guda. Direban da bai ci gwaji ba a ba shi wani aiki, a sake gwada shi nan gaba. Wanda ya san abincinsa ba zai yanke ba, ba zai ɓoye ciwonsa ba.