Tsakanin Magani da Dafi: Yadda Za A Sha Digoxin Lafiya

Maharban ƙasar Hausa na dā sun san wata itaciya mai suna kwankwani, wadda suke dafa 'ya'yanta su shafa a bakin kibiya. Dabbar da aka harba da ita ba ta yin nisa, domin dafin zuciya yake tsayarwa. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, ƙwayar nan 'yar ƙarama mai suna Digoxin, wadda likitoci ke rubuta wa masu ciwon zuciya a asibitocinmu, dangin wannan dafi ce. Idan an sha ta bisa ƙa'ida takan kwantar da zuciya, ta mayar da mutum gona ko kasuwa. Idan kuwa an wuce ƙa'ida, ko da kaɗan ne, tana iya hallaka shi. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa 'yan'uwa bayaninta filla-filla.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma a jikin baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in yana hutawa. Akwai wani ciwo da ke sa ɗakunan sama su riƙa karkarwa maimakon su matse bi da bi, sai bugun ya rikice, ya yi sauri ba tsari. Mai wannan ciwo yakan ji faɗuwar gaba, da haki, da jiri, da gajiya ko bai yi aikin kome ba. Hawan jini da tsufa suna kawo shi. A ƙasarmu kuma akan same shi har ga matasa, waɗanda ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun suna yara ya lalata musu ƙofofin zuciya.

Asalin maganin daga wani furen ƙasar Turai ne. A shekarar 1785 wani likitan birnin Barmingham a Ingila, William Withering, ya wallafa littafi a kan yadda ganyen furen ke sauke kumburin jiki, ya kuma yi gargaɗi tun a lokacin cewa yawansa yana kawo amai da rikicewar gani. A 1930 ne aka tace Digoxin daga wani ɗan'uwan furen. Aikinsa biyu ne, wato yana rage saurin bugun zuciya, yana kuma ƙara mata ƙarfin tura jini. A yau likitoci sukan fara da waɗansu magunguna dabam, amma har yanzu ana ba da shi sosai, musamman ga wanda zuciyarsa ta raunana ƙafafunsa suka kumbura.

To, ina hatsarin yake? Ratar da ke tsakanin abin da zai yi magani da abin da zai zama dafi ba ta da faɗi. Shi ya sa ƙwayar take zuwa da ɗan ƙaramin awo, yawanci miligiram 0.125 ko 0.25, sau ɗaya a rana. Bugu da ƙari, ba ta saurin fita daga jiki. Ko ga mai lafiyar ƙoda, sai an yi kamar kwana ɗaya da rabi kafin rabin abin da ya sha ya fita. Tsoho, ko wanda ƙodarsa ta yi rauni, yakan daɗe fiye da haka, sai maganin ya riƙa taruwa a jininsa bai sani ba.

Ke nan ƙa'ida ta fari ita ce, a sha daidai abin da likita ya rubuta, a lokaci guda kowace rana. Wanda ya manta bai sha jiya ba, kada ya haɗa biyu yau don ramuwa. Kada kuma a sam wa maƙwabci don ya ce shi ma gabansa na faɗuwa, gama ba kowace faɗuwar gaba ce wannan ciwo ba, sai na'urar auna bugun zuciya ta asibiti ce ke rarrabewa. A ɓoye kwalbar inda yara ba za su kai ba, domin 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su kashe ƙaramin yaro.

Ta biyu, a koyi ƙirga bugun jini kafin a sha. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ta gefen babban yatsa, a ƙirga har minti ɗaya cikakke, a rubuta a ɗan littafi. In ya kasa 60, ko ya canza salo ba kamar yadda aka saba ba, a dakata a nemi likita ko ma'aikacin jinya a ranar.

Ta uku, a san alamun da ke nuna maganin ya yi yawa. Sukan fara da ƙin abinci, da tashin zuciya, da amai ko zawo. Waɗansu sukan ga abubuwa sun koma rawaya ko kore, ko su ga da'ira kewaye da fitila. Tsofaffi sukan rikice, su yi ta magana ba kan gado, har iyali su ɗauka tsufa ne ko zazzaɓi. Duk wanda ya ga haka ga mai shan Digoxin, kada ya tsaya kemis sayen maganin amai. A kai shi asibiti tare da kwalbar maganin, gama akwai gwajin jini da ke nuna yawansa a jiki.

Ta huɗu, a gaya wa likita duk abin da ake sha. Sau da yawa akan haɗa Digoxin da maganin sa fitsari irin su Lasix don sauke kumburi, shi kuwa wannan yana fitar da sinadarin fotashiyam daga jiki, kuma in fotashiyam ya yi ƙasa, awon Digoxin da aka saba sha ma yana iya zama dafi. Don haka kada a yi wasa da ranar gwajin jini. Ayaba da wake da tumatir da lemu suna da wannan sinadari, amma kada a sayi ƙwayarsa a sha ba da umarni ba, domin yawansa ma hatsari ne. Har wa yau, kwinin na zazzaɓin cizon sauro, da magungunan ƙwayoyin cuta irin su Erythromycin da Clarithromycin, da maganin zuciya Amiodarone, duk suna ƙara yawan Digoxin a jini. Magungunan ciwon jiki irin su Diclofenac da Ibuprofen suna wahalar da ƙoda. Farin maganin ƙwannafi kuwa yana hana shi shiga jiki sosai, sai a bar ratar sa'a biyu tsakaninsu. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma abin tsoro ne, tun da tumfafiya da kariya suna ɗauke da dangin wannan dafi na zuciya.

Akwai kuma batun rashin ruwa a jiki. Zafin watannin Maris da Afrilu, da amai da gudawa, da dogon azumi ba shan ruwa, duk suna rage aikin ƙoda. Ɗan'uwan da ke shan wannan magani, in ikkilisiya ta sa azumi, ya fara shawarta da likitansa. Haka nan wanda aka yi wa addu'a ya ji sauƙi, ya yi godiya, amma kada ya zubar da maganinsa. Ya koma asibiti a auna shi, likita ne zai ce a rage ko a daina. Muna roƙon fastoci da zumuntar mata masu ziyarar marasa lafiya su taimaka wajen faɗakar da jama'a a kan wannan.

Wani abu da ya kamata a sani shi ne, Digoxin ba ya hana shanyewar ɓarin jiki. Zuciyar da ke karkarwa takan tara gudan jini, wanda in ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa sai mutum ya faɗi. Maganin tsinka jini, irin su Warfarin, shi ke tsare wannan. Wanda ba a ba shi ba ya tambayi likita ko yana bukatarsa, gama matambayi ba ya ɓata.

A ƙarshe, a sayi magani a kantin da aka amince da shi, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. A rubuta sunan maganin da awonsa a takarda, a sa a aljihu ko jaka, kuma a tabbata akwai wani a gida da ya san alamun da muka lissafa, domin ranar da mara lafiya ya rikice, ba shi ne zai iya yi wa likita bayani ba.