Ƙwayar Barci da Karayar Ƙugu a Wurin Tsofaffi

'Yan'uwa, tsoho ba ya buƙatar faɗowa daga bishiya kafin ya karye. Santsi a makewayi ya isa, ko tuntuɓe da bakin tabarma cikin dare. Karayar da muka fi tsoro ita ce ta wuyan ƙashin cinya, daidai inda yake shiga ƙugu. Ta fi samun mata, gama ƙashinsu yakan yi rauni bayan al'ada ta ɗauke. Ko a ƙasashen da suke da manyan asibitoci, wajen mutum 1 cikin tsofaffi 4 ko 5 da suka sami wannan karaya yakan rasu kafin shekara ta zagayo. Yawanci doguwar kwanciya ce take jawo hakan: ciwon huhu, gyambo a baya da ɗuwawu, da gudan jini da ke daskarewa a ƙafa ya tafi ya toshe huhu.

To, ina ruwan magani da wannan?

Ku ɗauki diazepam, wadda wasu ke kira Valium, ƙwayar da ake saya wa Baba ko Kaka a hannun masu talla don su sami barci. Jikin saurayi ɗan shekara 20 yakan fitar da rabinta cikin yini guda da dare. Jikin ɗan shekara 80 sai ya kwana 3 ko 4 bai fitar da rabin ba. Idan ana sha kullum, ta jiya tana nan, ta yau ta zo ta hau kanta. Tsohuwa ta tashi fitsari da asuba cikin magagi, ƙafa ba ƙarfi, sai faɗuwa.

Amitriptyline, da ake bayarwa don damuwa ko ciwon jijiya, tana sa jiri idan mutum ya miƙe da sauri. Haloperidol da Largactil, magungunan taɓin hankali, suna sa jiki ya sandare, tafiya ta zama jan ƙafa. Tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa sababbin magungunan taɓin hankali suna ƙara yawan mutuwa ga tsofaffi masu gigin tsufa, a 2008 kuma ta haɗa har da irin su haloperidol.

Bayan karaya haɗarin ya fi girma. Sau da yawa tsoho yakan ruɗe, ya yi ta surutu da fizge-fizge, ya kasa gane 'ya'yansa. Ba hauka ba ne, ba kuma sammu ba. Zafin ciwo ne, ko ƙishirwa, ko zazzaɓi, ko fitsari da ya ƙi fita. Idan aka ɗura masa ƙwaya don ya yi shiru, zai yi shirun, amma ba zai yi tari ya fitar da majina ba, kunun da aka ba shi kuma ya sarƙe shi ya gangara huhu. Mu ma'aikatan jinya mun fi son tsoho mai faɗa da mu a kan wanda ba ya motsi.

Amma kada wanda likita ya ɗora a kan waɗannan magunguna ya daina da kansa. Barin diazepam farat ɗaya yana iya kawo farfaɗiya, mai taɓin hankali kuma ciwonsa ya dawo. Ku tattara duk abin da tsohonku yake sha, har da na kasuwa da na gargajiya, ku zo da su cikin leda mu duba tare. Zumuntar mata da dattawan ikkilisiya, in kun je gaisuwa ku tambayi abin da ake ba shi, ku kuma duba ko akwai tocila da sanda kusa da shimfiɗarsa.

Idan tsoho ya faɗi ya kasa tashi, kuka ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, kada ku tsaya jiran maɗori. Wannan ƙashi yana can cikin tsoka inda karan ɗori ba ya kaiwa. Ku ɗauko shi a kwance, ba a kan babur ba, ku kawo shi ranar nan. Tiyata ta fi amfani idan an yi ta cikin awa 48.