Ƙabilanci, Talauci da Tashin Hankali a Ƙasar Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

A duk inda rikici ya daɗe tsakanin al'umma, mutane kan nemi ƙabilar da za su ɗora wa laifi. Wannan darasi zai dubi tashin hankalin da ya addabi ƙasar Birnin Gwari, domin a fahimci yadda talauci da rashin adalci kan sa rigar ƙabilanci. Haka kuma za a nuna rawar da harshe yake takawa wajen rura wutar ko kashe ta.

2.0 Ƙasar da Mutanenta

Birnin Gwari masarauta ce, kuma ƙaramar hukuma, a yammacin Jihar Kaduna. Ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. A cikinta ne dajin Kamuku yake, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani sun daɗe suna zaune a nan. Allah ya albarkaci ƙasar da noman masara da kiwo da ma'adinin zinariya. Manomi da makiyayi sun kasance abokan cin moriyar juna: shanu su ci karan gona bayan girbi, su bar wa gonar taki.

3.0 Yadda Wutar Ta Kama

Matsalar ta faro ne da fashi a kan hanya da satar shanu, kafin ta rikiɗe ta koma kai hari ƙauyuka da garkuwa da mutane. A watan Oktoba na 2012, mahara sun kashe mutane kusan 20 a Dogon Dawa, wasunsu a bakin masallaci da asuba. A watan Maris na 2018 an kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka, sannan a watan Mayu na shekarar aka hallaka fiye da mutum 40 a Gwaska. Daga baya ƙungiyar Ansaru ta samu gindin zama a gabashin yankin, wajen Damari. A watan Nuwamba na 2024, Gwamna Uba Sani ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ajiye makamai, aka kuma sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari bayan ta shekara da shekaru a rufe.

4.0 Ƙabila ko Matsayi?

Sau da yawa akan bayyana rikicin a matsayin faɗan Hausawa da Fulani, domin yawancin mayaƙan daji Fulani ne, yawancin 'yan sa-kai kuwa Hausawa. Sai dai wannan bayani bai wadatar ba. Bafulatanin da aka kore wa garke yana cikin waɗanda masifar ta fara ci. Burtali da makiyaya sun shige cikin gonaki, duk da dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965. Makiyaya sun daɗe suna kukan tara mai nauyi a hannun wasu masu iko. Matashin da ya rasa shanu, ba ilimi, ba sana'a, shi ne mafi sauƙin ɗauka aikin bindiga. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙaramin manomi ne ake hana wa zuwa gona sai ya biya haraji ga 'yan daji, shi ne kuma yake sayar da gona don biyan kuɗin fansa. Mai hali yakan kwashe iyalinsa ya koma Kaduna ko Zariya. Masu cin ribar kuwa, wato dillalan makamai da masu sayen shanun sata da masu kai rahoto, ba su da ƙabila guda. Ashe dai talakan kowane ɓangare ne yake mutuwa.

Akwai misalin da ya yi kama da wannan a Amurka. Masanin zamantakewa William Julius Wilson, wanda shi kansa baƙar fata ne, ya yi nazarin unguwannin baƙaƙen fata na birnin Shikago. A littafinsa na 1987 ya nuna cewa rufe masana'antu da ƙaurar masu hali daga unguwannin sun bar matalauta zalla, ba aiki, ba abin koyi. Bai musanta illar wariyar launin fata ba, amma ya nuna cewa launi ba shi yake haifar da ta'addanci ba. Bambancin dai shi ne, can birni ne, nan kuwa daji.

5.0 Harshe da Aikin Malami

Sunayen da Hausawa suka ba maharan sun yi ta sauyawa: ɓarayin shanu, ɓarayin daji, 'yan fashin daji, 'yan bindiga, har zuwa 'yan ta'adda, sunan da Gwamnatin Tarayya ta tabbatar a hukumance a watan Janairu na 2022. Duk waɗannan sunaye aiki suke nunawa. Amma da zarar an ce "Fulani sun kawo hari", an ɗauke laifi daga kan mai shi an aza wa al'umma baki ɗaya. Irin wannan kuɗin goro ne ya sa wasu 'yan sa-kai suka riƙa kashe marasa laifi a kasuwanni, ramuwa kuma ta biyo baya. Hausawa na cewa baki shi ke yanka wuya. Malamin da aka tura irin wannan yanki zai tarar da ɗan manomi da ɗan makiyayi a benci ɗaya, kowanne da marayacinsa. Wajibi ne ya kira mai laifi da sunan laifinsa, ya kuma hana zambo da habaicin ƙabila a aji.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ƙabilanci fuska ce kawai ta rikicin Birnin Gwari, tushensa kuwa rashin adalci ne da talauci da nisan hukuma daga talaka. Sulhu yana iya tsayar da harbi, amma ɗorewarsa tana ga makaranta da shari'a ta gaskiya da sana'a ga matasa.

Auna Fahimta

1. Kawo dalilai uku da suka sa ba daidai ba ne a kira rikicin faɗan ƙabilu kawai.
2. Bayyana bambancin ma'ana tsakanin "ɓarayin daji" da "'yan ta'adda".