Kwarin Wuta: Wurin da Duwatsu Suka Yi Tsatsa

A jihar Nebada ta ƙasar Amurka, kimanin kilomita 80 arewa maso gabas da birnin Las Vegas, akwai wani wurin yawon buɗe ido a cikin hamada wanda ake kira Valley of Fire, ma'ana Kwarin Wuta. Kada mai karatu ya zaci akwai wutar da take ci a can. Duwatsun wurin ne suke yin jawur tamkar garwashi idan hasken rana ya sauka a kansu, musamman da sassafe da kuma gab da magariba. An mayar da shi gandun jiha a shekarar 1935, kuma shi ne mafi daɗewa a Nebada.

To, daga ina wannan launi ya fito? Masana sun bayyana cewa fiye da shekaru miliyan 150 da suka shuɗe, tulin rairayi ne zalla a wurin, iska tana kora shi. Sannu a hankali rairayin ya danne juna, ya daskare, ya zama dutse. A jikin ƙwayoyin yashin akwai sinadarin ƙarfe, wanda da ya haɗu da iska da danshi sai ya yi tsatsa, daidai da yadda tsohon kwanon rufi yake yi bayan damina. Inda ruwa ya ratsa dutsen ya wanke ƙarfen, sai wurin ya koma fari, ko rawaya, ko ruwan hoda. Shi ya sa a wani sashe ake ganin layi-layi na ja da fari kamar saƙar zane. Iska da ruwa kuma sun sassaƙa siffofi iri-iri; akwai dutsen da ya fito da kamar giwa har da dogon hancinta.

A ganina, abin da ya fi launin ban sha'awa shi ne zane-zanen da mutanen da suka riga Turawa zama a yankin suka ƙwarzana a jikin duwatsu. Akwai siffofin mutane da na ragunan dutse, wasunsu sun haura shekara 2,000. Doka ta hana a taɓa su.

Sai dai duk mai niyyar zuwa ya kula da lokaci. Daga watan Yuni zuwa Agusta zafi yakan wuce digiri 40, inuwa kuma ba ta da yawa. A watan Yuli na 2023 an tsinci gawar wasu mata biyu da suka fita tattaki a gandun ana tsananin zafi. Hukumar wurin takan rufe wasu hanyoyin ƙafa a watannin zafi. Ya fi kyau a je tsakanin Oktoba da Afrilu, a fita da wuri, a riƙe ruwa fiye da yadda ake zaton za a sha, kuma idan rabin ruwan ya ƙare a juya.