Ƙurajen fuska: Abin da ke faruwa a cikin fata kafin ƙurji ya fito

Da zarar ƙuraje sun feso wa matashi a fuska, kowa a gida sai ya zama likita. Wannan ya ce cin gyaɗa ne, wancan ya ce rashin wanke fuska ne, ga kuma masu zolayar cewa aure yake so. Daga nan sai a nufi kemis ko kasuwa neman man shafawa.

Sai dai ƙurjin da aka wayi gari da shi yau ba daren jiya ya fara ba. Ya yi makonni yana haɗuwa a cikin fata, inda sabulu ba ya kaiwa.

Yadda ƙurji ke haɗuwa

A jikin kowace ƙofar gashi akwai wata 'yar jaka mai samar da maiƙon da ke hana fata bushewa. Waɗannan jakunkuna sun fi yawa a fuska da ƙirji da baya, shi ya sa ƙurajen suka fi fitowa a can. Tafin hannu da na ƙafa ba su da su.

Idan balaga ta zo, sinadaran androjin kan ƙaru a jinin namiji da mace, sai jakunkunan su girma, maiƙo ya yawaita. Matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su kaɗe su fita sai su manne da maiƙon, su toshe ƙofar.

Idan bakin ƙofar ya rufe, sai a ga ɗan farin ƙurji. Idan a buɗe yake, iska kan taɓa abin da ya taru ya yi baƙi. Wannan baƙin ba datti ba ne, don haka dirza fuska da soso ba ya fitar da shi, sai dai ya ƙara fusata fatar.

A cikin toshewar ne wata bakteriya mai suna Cutibacterium acnes ke samun wurin zama. Dama tana kan fatar kowa, tana cin maiƙo, kuma ta fi yaɗuwa inda babu iska. Idan ta yawaita, sai garkuwar jiki ta tura fararen ƙwayoyin jini. Wannan artabu ne ke kawo ja da kumburi da zafi da mugunya.

Me ya sa na wasu ya fi tsanani?

Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 kan yi ƙurajen, ko da kaɗan ne. Gado na da tasiri: wanda iyayensa suka sha fama da su ya fi shiga haɗari.

Mata da dama kan ga sun taso gab da al'ada ko lokacin goyon ciki. Idan suka haɗu da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa, yana da kyau a ga likita, domin matsalar na iya kasancewa daga ƙwan mace take.

Ta fuskar abinci, bincike ya fi karkata ga kayan zaƙi da abincin da ke saurin ɗaga sukarin jini, sai kuma madara ga wasu mutane. Man gashi mai kauri ma kan toshe ƙofofin goshi.

Inda ake yin ɓarna

Ga mai baƙar fata, abin da ya fi daɗewa shi ne tabo. Kumburi kan sa fata ta ƙara samar da melanin, sinadarin da ke ba ta launi, sai wurin ya yi duhu na tsawon watanni. Matse ƙurji na iya fasa shi ta ciki, kumburin ya ƙara zurfi, tabon ya ƙara muni.

Neman goge tabon ne ke kai wasu ga mayukan bilicin masu ɗauke da sitiroyid irin su clobetasol. Da farko fuska kan yi sumul, daga baya fatar ta yi siriri, sababbin ƙuraje su feso. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Magungunan da likitoci ke bayarwa, irin su benzoyl peroxide da adapalene, suna kashe bakteriyar ne ko buɗe ƙofar da ta toshe, kuma sukan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin a ga cikakken sauyi. Mai ciki kada ta yi amfani da kowanne sai da izinin likita, musamman isotretinoin, wanda ke nakasa ɗan tayi.

Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar ƙarfi ya wadatar. Idan ƙurajen manya ne masu zafi, ko sun fara barin ramuka, a nemi likitan fata da wuri, domin hana tabo ya fi goge shi sauƙi.