Ƙaimi Da Linzamin Zuciya

Zuciyar ɗan Adam ba ta daina aiki, dare da rana. Idan babban mutum mai lafiya yana zaune, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. To, me ke sa ta sauri, me kuma ke sa ta lafawa?

Doki da mahayi

Zuciya da kanta take bugawa. Amma ƙwaƙwalwa ce ke sarrafa ta, kamar yadda mahayi ke sarrafa doki. Tana aika mata da saƙo ta jijiyoyi iri biyu. Waɗannan ba jijiyoyin jini ba ne, na kai saƙo ne.

Iri na farko kamar ƙaimi yake. Idan mutum ya ga maciji, ko ya kama huɗa, sai ya zaburi zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi. Iri na biyu kamar linzami yake. Idan mutum ya zauna ko ya kwanta, sai ya ja zuciya ta sassauta.

A shekarar 1921 wani masani mai suna Otto Loewi ya yi gwaji a ƙasar Ostiriya. Ya sa zuciyar kwaɗi biyu a ruwan gishiri, kowace da mazubinta. Ya zaburi jijiyar linzami ta ɗaya, sai bugunta ya ragu. Ya ɗebi ruwanta ya zuba wa ta biyu, ita ma ta lafa. Nan aka gane cewa jijiya wani sinadari take fitarwa, shi ne ke isar da saƙo. Saboda haka duk abin da ya ƙara yawan irin wannan sinadari, ko ya tare masa hanya, yana iya sauya bugun zuciya.

Masu ƙara ƙaimi

Goro da shayi da kofi suna da sinadarin kafin, wanda ke korar barci. Kaɗan ba ya cutar da yawancin mutane, amma idan ya yi yawa yakan jawo faɗuwar gaba da rawar hannu. Taba kuwa, ta sha ko ta shaƙa, tana da nikotin. Yana ƙara bugun zuciya, yana matse jijiyoyin jini.

Mafi haɗari su ne ƙwayoyi irin su amfetamin da efedirin, waɗanda wasu 'yan ƙwadago da direbobi ke sha don kada su gaji. Suna sa jijiyar ƙaimi ta yi ta zubo sinadarinta babu ƙaƙƙautawa. Ba ƙarfi suke ƙarawa ba, gajiya suke ɓoyewa.

Mai tsinke linzami

Zaƙami shi ta wata hanya yake bi. Yana hana saƙon linzami isa zuciya, sai ta yi ta sukuwa. Bakin mutum ya bushe, jiki ya yi zafi, hankali ya gushe. Yana iya kashewa.

Me ya sa saurin ke da haɗari?

Tsakanin bugu da bugu zuciya takan ɗan saki. A nan take cika da jini, a nan kuma naman jikinta ke samun yawancin jinin da yake bukata. Idan sauri ya yi yawa, sai ta zama kamar gugar da ake jawowa tun ba ta cika ba: ga wahala, ga ƙarancin ruwa. Daga nan sai jiri, da ciwon ƙirji, da rikicewar bugu. Mai hawan jini yana iya samun shanyewar ɓarin jiki.

A hannun likita

A asibiti ma ana aiki da irin waɗannan magunguna, amma da awo. Wasu magungunan feshin gona, idan sun shiga jiki, sukan ja linzami har zuciya ta kusa tsayawa. Sai likita ya yi allurar atirofin, wanda irinsa ne ke cikin zaƙami, don ya sassauta linzamin. Maganin asma na shaƙa shi ma yakan ɗan ƙara bugun zuciya. Kada mai asma ya daina, sai dai ya gaya wa malamin asibiti.

Abin yi

Kowa na iya ƙirga bugun zuciyarsa. Ya zauna ya huta, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasa da babban yatsa, ya ƙirga na minti ɗaya. Idan kullum yana wuce 100, ko yana tsallake-tsallake, sai ya je asibiti. Idan akwai ciwon ƙirji ko suma, a kai shi nan take, tare da abin da ya sha.

Mai hawan jini da mace mai ciki su rage goro da kofi. Mai gona kuma kada ya bari a raba wa 'yan aikinsa ƙwaya. Maganin gajiya shi ne abinci da ruwa da barci. Dokin da ake ta yi wa ƙaimi babu linzami, da wuya ya kai mahayinsa gida.